Kaɗi da Saƙa: Mu Koya Tun Masu Sani Suna Raye

A ƙauyukan Matazu tsofaffin da suka iya kaɗi sun ragu ƙwarai. Ga ƙasar auduga, ƙasar da aka kafa injinan gurza a Funtua da Malumfashi dominta, amma 'ya'yanmu ba su san yadda ake mai da ita zare da hannu ba. In tsofaffin nan suka shuɗe, wa za mu tambaya?

Sana'ar kuwa ta daɗe. A kogunan duwatsun Bandiagara ta ƙasar Mali an sami tufafin auduga da aka saƙa tun ƙarni na 11. Da Bature Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana kai tufafinta har Tambutu da Tarabulus. Yadin Turai, da na masaƙun zamani irin wadda aka buɗe a Kaduna a 1957, su suka ture mazari.

To, ta ina mai koyo zai fara? Da fari sai gurza. A ɗora auduga bisa magurji, a murza ta da siririn ƙarfe har angurya ta fita. Sa'an nan shiɓa: a riƙa fizgar tsirkiyar ɗan baka cikin audugar har ta buɗe ta yi laushi, a naɗe ta sutu.

Daga nan sai kaɗi. Mazari tsinke ne mai gululun yumɓu a gindi, nauyin gululun ne ke sa shi daɗewa yana juyawa. Hannun hagu yana jan auduga daga sutu, na dama yana murza mazari, ana shafa alli ga yatsu don kada su yi santsi. Mai koyo ya fara da abawa, gama tana da kauri. Zaren wadari yana bukatar gwaninta, domin shi ke jure ja a masaƙa. In zare yana zarewa, murɗi ne bai isa ba. In yana ƙudundunewa, murɗin ya yi yawa. Kada a yi fushi in ya tsinke, a haɗa bakinsa da sutu a ci gaba.

Saƙa takan zo daga baya. Maza suna saƙa siririn ƙyalle, suna taka allera, suna jefa ƙoshiya, kunkuru yana riƙe da wadari can gaba. Mata kuwa suna saƙa mai faɗi a masaƙar tsaye.

Ya ku iyaye, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In kaka ta yi, ku keɓe kwando guda na auduga. Lokacin hutun makaranta ku tura yara wurin tsohuwar da ta iya kaɗi, da goronta a hannu. Yaron da ya kaɗa zaren da zai cika mazari ɗaya ya koyi haƙuri, ba zai kuma rena rigar da ke jikinsa ba.