Me Ya Sa Ake Hana Mai Gida a Ingila Buɗe wa Motarsa Hanya?

A Ingila, mallakar gida ba ta ba mutum ikon hawa da mota kan hanyar masu tafiya a ƙasa da ke ƙofarsa. Wannan hanya a hannun hukuma take. Mai son shigar da mota farfajiyarsa sai ya nemi izinin ƙaramar hukuma a rage tsayin dakalin gefen titi, a kuma ƙarfafa daɓen, kada nauyin mota ya fasa bututun ruwa da wayoyin da ke binne a ƙasa. Sashe na 184 na dokar hanyoyi ta 1980 ne ya tanadi haka. Ba kowa ne kuwa yake dacewa ba.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne awo. Ƙananan hukumomi da yawa suna son tsawon farfajiya ya kai kimanin mita 4.8, faɗinta mita 2.4, don kada bayan mota ya leƙo waje ya tare wa makaho ko mai keken guragu hanya. Ka ce ai motarka ƙarama ce? Wannan ba hujja ba ce a wurinsu, kuma suna da gaskiya: hanyar za ta dawwama, wanda zai sayi gidan gobe yana iya zuwa da zungureriyar mota.

Sai batun hatsari. Idan ƙofar tana dab da mahaɗar tituna (galibi ƙasa da mita 10), ko tana kusa da matsayar bas ko wurin tsallaka titi, ko katanga ta hana direba hangen mai tahowa, da wuya a yarda. A manyan tituna masu lambar A, B ko C kuma sai an haɗa da izinin tsara gari, sau da yawa ma sai mota ta iya juyawa a cikin farfajiya ta fito da gaba.

Bishiya ma tana hana ruwa gudu. Turken fitila ana iya gusar da shi idan ka biya, amma bishiyar da ta girma ba a cika sarewa saboda motar mutum ɗaya ba, ko saiwarta ba a son a taɓa.

Tun 2008, wanda zai daɓe fiye da murabba'in mita 5 na gaban gidansa da abin da ba ya tsotse ruwa, ruwan kuma ya kwarara titi, sai da izini. Ɗan haya kuwa sai da amincewar mai gida.

Kuɗin neman izini ba a cika mayarwa ba idan an ƙi. Don haka kafin ka biya, karanta ƙa'idojin ƙaramar hukumarka, domin kowace da nata, sannan ka ɗauki magwaji ka auna farfajiyarka.