Yaron Zongo da ya shiga tseren kwale-kwale

Maganar ruwa ce ta kai ni Zongon Lome. Na daɗe ina jin cewa idan damina ta kankama a watan Yuni, akwai lungunan da sai mutum ya naɗe ƙafar wando kafin ya shiga, shi ya sa na so in ga yadda mutanenmu ke zaune da wannan ruwa shekara da shekaru. An karɓe ni hannu bibbiyu, aka haɗa ni da wani matashi ya zaga da ni unguwa.

Zongon da ake gani yau ba shi ne na asali ba. Tsohon a tsakiyar birni yake, inda fataken Hausawa suka sauka tun zamanin da Jamusawa ke mulkin Togo. A 1977 aka tashe shi, mutanensa suka koma arewacin birni, tazarar kimanin kilomita 15, a bakin babbar hanyar da ta miƙe zuwa Burkina Faso. Ta fuskar nema wurin ya yi albarka. Ga tashar manyan motocin da ke ɗaukar kaya zuwa Wagadugu da Yamai da Bamako, ga masallatai da makarantu, ga Hausawa da Zabarmawa da Kotokoli da Fulani a cakuɗe. Sai dai ƙasar kwari ce, kuma kogin Ziyo yana wucewa ta Togblekope, daf da unguwar. Duk shekarar da ya cika ya batse, gidajen mutane yake faɗawa. A daminar 2008 ambaliya har gadoji ta karya a kan hanyar arewa, motoci suka yi cirko-cirko.

Ko ba a gaya maka ba, za ka gani a jikin katangu. Akwai wani layi mai duhu, wani wurin iya gwiwa, wani wurin iya ƙugu, nan ne ruwa ya tsaya. An ɗaga dokin ƙofar ɗakuna da bulo biyu ko uku, sai ka tsallaka sannan ka shiga. Buhunan yashi kuwa tun da rani ake jibge su a bakin zaure.

A wani gida na hangi wata riga ruwan goro mai soso a ciki, irin wadda ake ɗaura wa matafiya a jirgin ruwa, an shanya ta a igiya tsakanin zannuwa. Na tambaya ko akwai masunci a gidan. Matan suka yi dariya, suka ce ta ɗan lakwal ce, wato yaron gidan da ke makarantar boko, tseren kwale-kwale yake yi. Daga nan tambayoyina suka canza hanya.

Yaron ɗan shekara 16 ne, siriri, mai kunya, yana ajin farko na babbar sakandare a cikin gari. Ya durƙusa ya gaishe ni, sai da aka matsa masa sannan ya buɗe baki.

"Malam, ranar da mushen wasanni ya shigo ajinmu ya ce ana neman masu shiga ƙungiyar tuƙi, ni kaɗai ne ɗan Zongo da na ɗaga hannu. Abin da ya fara tambaya shi ne wa ya iya iyo. 'Yan bakin teku duk sun iya, da yawansu 'ya'yan masunta ne. Ni kuwa ban taɓa shiga ruwan da ya wuce ƙirjina ba. Ya ce ba mai taɓa filafili sai wanda zai iya fitar da kansa in jirgi ya kife. Wata biyu abokaina suna cikin jirgi, ni ina bakin gaɓa ina kwankwaɗar ruwa."

Ya miƙo min tafukan hannunsa. A gindin kowane yatsa akwai kanta, wata ta bushe ta yi tauri, wata sabuwa ce ta fashe ta yi ja. Ya ce da farko ko alwala zai yi sai ya cije leɓe.

Jirgin da suke tuƙawa ya sha bamban da kwale-kwalen masunta da ake sassaƙawa daga gungumen itace. Na mutum ɗaya tsawonsa ya kai mita 8, nauyinsa kilo 14 kacal, faɗinsa da ƙyar ya ɗauki mazaunin mutum. Matuƙi yana juya baya ga inda ya dosa. Ƙafafunsa a ɗaure suke, kujerarsa tana zamewa gaba da baya a kan 'yar dogo, filafilan kuma an maƙala su a wasu ƙarafa da suka fito daga gefen jirgin. Mai kallo zai ɗauka aikin damtse ne, alhali cinya ce ke ɗauke da mafi yawan nauyin. Ƙafa ke fara turawa, baya ya biyo, hannu ya ƙarasa. Tsayin tsere a manyan gasanni mita 2000 ne. Yaron a jirgin mutum huɗu yake, kowa da filafili biyu.

"Kin san lugude, Kaka?" Ya juya ga wata tsohuwa da ke zaune a tabarma tana jan carbi. "Haka yake. In mata huɗu suna daka a turmi ɗaya, wadda ta yi gaggawa ita ke haɗa taɓare. In na riga na gabana shiga ruwa, ko filafilina ya maƙale, sai ƙotar ta doke ni a ciki, jirgin duka ya tsaya."

Tsohuwar ta ce, "Ji maigidan nawa, yau shi ke koya min daka." Aka yi dariya. Sai ta gyara zama, ta ce in matso, labarin ba a bakin yaro yake ba.

"Ɗan nan, ina amarya aka tashe mu daga tsohon Zongo. Can da dare muna jin ƙugin teku daga ɗaki, ga tafkin gari a bayanmu, amma ba mu taɓa barin yaro ya kusanci ruwa ba. Cewa ake yi ruwa na masu shi ne, mu fatake ne, namu goro da shanu. Yaro ya dawo gida da jiƙaƙƙen wando, bulala ce. Da muka dawo nan muka ce to madalla, mun rabu da ruwa. Ashe shi bai rabu da mu ba."

Ta ajiye carbin a cinyarta.

"Shekarar da gadoji suka karye, aka aiki ɗan maƙwabciyata sayen gawayi, yaro bai wuce shekara tara ba. Akwai wani rami da ake ɗibar ƙasa, ruwa ya shafe shi ya zama ɗaya da hanya. Maza sun fi ashirin a tsaye a wurin, kowa na salati, babu wanda ya iya shiga. Sai da aka ruga bakin kogi aka kira wani masunci. Kafin ya iso, rai ya yi halinsa. Ajali ne, na yarda, kwanansa ne ya ƙare. Amma abin da ya ƙi barin zuciyata shi ne mazan nan da ke tsaye. Cikinsu har da ɗana. Ni na rene shi a kan tsoron ruwa, to wa zan ga laifinsa?"

Ba ta ambaci sunan ɗan nata ba, domin ɗan fari ne, sai dai ta ce "uban yaron nan". Ta ce ranar da aka kawo takardar izini daga makaranta, ya ninke ta ya jefa a aljihu, ya ce shi bai haifi ɗan da zai miƙa wa ruwa ba.

"Na bari sai bayan isha'i na sa aka kira shi. Na ce, kai, ka tuna ranar nan? Ya sunkuyar da kai. Na ce iya ruwa fidda kai, kuma wanda ya fidda kansa shi ke fidda wani. Mun gwada hanawa, mun ga inda ta kai mu. Ya ce, Hajiya, in wani abu ya same shi fa? Na ce wanda aka aika sayen gawayi tsere ya je? Da safe ya sa hannu."

Da aka gama da uba, sai ga maganar Islamiyya. Atisaye ranar Asabar da safe ne, daidai lokacin da 'yan boko ke zuwa hadda. Kakar ce ta sake sa mayafi ta tafi wurin malamin. Shi kuwa bai ja da nisa ba. Ya tuna mata cewa an ruwaito Sayyidina Umar ya yi umarni a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki, ya mayar wa yaron haddarsa bayan magariba, da sharaɗin ranar da ya zo bai iya ba, Asabar ta gaba ba shi ba tafki.

Na bi yaron zuwa atisaye wata Asabar. Ana idar da sallar asuba muka hau babur zuwa cikin gari, daga nan muka shiga mota muka bi hanyar bakin teku zuwa Agbodrafo, kimanin kilomita 30 gabas da Lome, a gaɓar Tafkin Togo. Ziyo yana cikin kogunan da ke zuba a wannan tafki, wato ruwan da ke shiga ɗakin kakarsa da damina shi ne yaron ke tuƙi a kansa. Jiragen na aro ne, sun sha faci. Yaran suka ɗauko nasu a kafaɗa, suka saka shi a ruwa a hankali. Mai horar da su yana biye a wani ƙaramin jirgi yana ƙirga musu bugu da Faransanci, in ya fusata ya koma yaren Ewe. Da farko filafilan suna ta fantsama ruwa, kowa da nasa lokaci. Can sai suka daidaita, guda takwas suna shiga tare suna fita tare, jirgin ya miƙe sumul. Wasu masunta da ke jan raga suka tsaya suna kallo.

Togo ba baƙuwa ba ce a wasannin ruwa. Lambar yabo ta farko da ƙasar ta samu a gasar Olamfik a kan ruwa aka ciwo ta. Benjamin Boukpeti ne ya ci tagulla a Beijing cikin watan Agustan 2008, a tseren ƙaramin kwale-kwale cikin ruwa mai gudu, daidai daminar da ake fama da ambaliya a gida. A irin tuƙin da yaron nan ke yi kuwa, Claire Ayivon ta wakilci Togo a Rio a 2016, ta sake zuwa Tokyo a 2021, inda ta riƙe tutar ƙasar a bikin buɗewa. Mutanen Nijar ba su manta da Hamadou Djibo Issaka ba, wanda ya je Landan a 2012 ya yi irin wannan tuƙi bayan horon 'yan watanni. Shi ya zo na ƙarshe, amma 'yan kallo suka yi ta yi masa tafi har ya kai. Mu ma a ƙasar Hausa muna da namu. Ana tseren kwale-kwale a bikin kamun kifi na Argungu, ana Rigata a Yawuri, Sarkawa kuma sun gaji ruwa kaka da kakanni. Tsoron da aka rene mu a kai na 'yan tudu ne, kuma abu ne da koyo ke magancewa.

Abin da ya fi ci wa yaron tuwo a ƙwarya yanzu kuɗin mota ne. Zuwa da dawowa yana cin kusan jika biyu, ban da abin da zai sa a ciki. Mahaifiyarsa tana sayar da waina, daga ribarta take cirewa. Asabar ɗin da babu, sai ya zauna gida, kuma jirgin mutum huɗu ba ya tafiya da uku. Ya ce wannan ya fi kantar hannu ciwo, ya san abokansa na can bakin ruwa suna jiransa. 'Yan bakin teku da ƙafa wasunsu ke zuwa, shi kuwa sai ya ratsa birni gaba ɗaya. Akwai 'yan mata a ƙungiyar, amma har yanzu babu 'yar Zongo ko ɗaya, ko da yake ƙanwarsa ta fara tambaya ko ana tuƙi da hijabi.

Na fito daga gidan nan da yaƙinin cewa unguwar da ruwa ke ziyarta duk shekara tana buƙatar yaran da suka iya iyo, ko sun yi tsere ko ba su yi ba. Zongo na da alhazai masu motoci da ƙungiyoyin matasa da kwamitocin masallatai. Mota ɗaya ranar Asabar za ta kai yara da yawa bakin tafki, kuma wasu iyayen sun riga sun fara zuwa gidan suna tambayar yadda ake shiga.

Mahaifin na same shi a tashar manyan motoci, inda yake aikin kamasho. Mutum ne mai ƙarancin magana. Na tambaye shi ko ya taɓa zuwa kallon ɗansa. Ya ce sau ɗaya, kuma tun da aka saka jirgin a ruwa yake addu'a har suka fito.

"Malam, ni har gobe gabana faɗuwa yake in ya tafi. Ban iya ruwa ba, kuma na tsufa da koyo. Amma ƙannensa maza biyu, na ce bana in an yi hutu ya tafi da su a koya musu iyo. Tsere dai ban yi alkawari ba. Iyon nan kuwa, wajibi ne a gidana."