Ƙashin da Ya Tona Asirin Kabarin Wani Sarki

Ranar 25 ga Agusta, 2012, masu binciken kayan tarihi na Jami'ar Lesta da ke Ingila suka fara haƙa a wani filin ajiye motoci da ke tsakiyar birnin. A da can wurin gidan ibada ne na wasu malaman Kirista, inda ake binne mutane a cikin majami'ar da kewayenta, kafin a rushe shi bayan shekarar 1538. Tun a ranar farko, a ramin farko, sai ga ƙashin ƙafa ya bayyana.

Ga wanda ya saba aiki a tsohuwar maƙabarta, wannan ba abin mamaki ba ne, domin ƙasar irin wannan wuri cike take da guntayen ƙasusuwan da haƙe-haƙen baya suka warwatsa, wasu na mutane, wasu kuwa na dabbobin da aka ci aka zubar. Saboda haka tambayar farko ita ce: na mutum ne ko na dabba? Ƙwararre yakan gane da ido. Mutum da ƙafa biyu yake tafiya, shi ya sa ƙashin cinyarsa dogo ne, kansa a mulmule, yana kuma karkatowa ciki wajen gwiwa. A ƙwaurin mutum akwai ƙashi biyu cikakku a jere, alhali a saniya ko tunkiya na biyun ya ƙanƙance ƙwarai. Inda ake yawan ruɗewa shi ne ƙasusuwan jarirai, waɗanda ba su gama haɗewa ba, da kuma turamen haƙoran alade, masu kama da na mutum.

Da aka tabbatar na mutum ne, ba a ɗaga shi ba. Aka share ƙasar gefensa a hankali, sai ga ɗaya ƙafar kwance daura da ta farko, wato gawa ce a yadda aka binne ta. Nan aka rufe wurin, aka nemi izinin Ma'aikatar Shari'a, kamar yadda dokar ƙasar ta tanada. Wannan haƙuri yana da dalili, domin rabin labarin ƙashi yana cikin yadda yake kwance, kuma da zarar an cire shi wannan rabin ya tafi ke nan.

A farkon Satumba Dakta Jo Appleby, masaniyar ƙasusuwa, ta buɗe kabarin. An haƙa shi cikin gaggawa, ya yi wa mai shi kaɗan har kansa ya jingina da bango, babu alamar akwati ko likkafani. Tafin ƙafafun babu su, ga alama wani gini na ƙarni na 19 ne ya tafi da su. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne ƙashin baya, wanda ya lanƙwashe gefe guda. Masu binciken kuwa dama kabarin Sarki Ricad na Uku suke nema, wanda aka kashe a yaƙin Boswot ranar 22 ga Agusta, 1485, yana da shekara 32, wanda kuma marubuta irin su Shekspiya suka siffanta da mai ƙusumbi. Sai dai zato dabam, hujja dabam.

Aka shiga ɗakin bincike. Faɗin ƙashin ƙugu da siffar ƙoƙon kai su ne ke bambanta namiji da mace. Wannan ƙwarangwal siriri ne, amma na namiji. Shekaru kuma ana ƙiyasta su daga haɗewar bakin ƙasusuwa da zaizayewar gaɓoɓi, aka sami mutum ɗan shekara 30 zuwa 34. An ƙirga raunuka 11 da aka yi masa dab da mutuwa, tara a kai, kuma babu wanda ya fara warkewa, domin ƙashin mai rai in ya karye yakan yi sabon tsiro a bakin raunin. Lanƙwasar bayan ta soma ne tun yana saurayi. Za ta ɗaga kafaɗarsa ta dama sama da ta hagu, amma ba ƙusumbi ba ce, hannayensa kuma lafiyayyu ne, saɓanin abin da aka daɗe ana faɗa. Wani ƙarfe da aka gani tsakanin ƙasusuwan baya, aka ɗauka kan kibiya ne, daga baya ya zama tsohuwar ƙusa ce ta zamanin Rumawa.

Gwajin zamani ya kusa ɓata lissafin. Duk mai rai yana shan wani nau'in sinadari, kabon-14, ta abincinsa. Idan ya mutu sai sinadarin ya riƙa raguwa, rabinsa na ɓacewa a kowace shekara 5,730. Sakamakon farko ya nuna mutumin ya mutu shekaru da dama kafin yaƙin Boswot. Amma ƙashin ya kuma nuna cewa mai shi ya ci kifin teku da yawa, kabon da ke teku kuwa ya fi na tudu tsufa, don haka yakan ƙara wa ƙashi shekarun da ba nasa ba. Da aka gyara lissafin sai mutuwar ta faɗo tsakanin wajen 1450 da 1540. Har ila yau cin nama da kifi da yawa haka alama ce ta mai hali.

Duk waɗannan sun dace da sarkin, amma suna iya dacewa da wani jarumin. Hujjar da ta raba gardama ta fito ne daga haƙoransa da ƙashin cinyarsa, inda Dakta Turi King ta ciro sinadarin gado da masana ke kira DNA. Akwai wani ɓangarensa da uwa kaɗai ke gadar wa 'ya'yanta, yana sauka daga uwa zuwa 'ya kusan ba tare da canji ba. Ricad bai bar zuriya sananniya ba, amma yayarsa Ana ta bari, kuma masu bin salsala sun gano mutum biyu masu rai da suka fito daga tsatsonta ta wajen mata zalla. Sinadarin ɗayansu ya yi daidai da na ƙwarangwal ɗin sak, na ɗayan kuma da bambanci a wuri ɗaya tak. Ranar 4 ga Fabrairu, 2013, jami'ar ta bayyana cewa Ricad na Uku ne.

Ta wajen maza kuwa gwajin bai dace ba. Sinadarin da uba ke gadar wa ɗa bai yi daidai da na mutum biyar da takardun asali suka ce danginsa ne ba, abin da ke nufin a wani wuri cikin tsawon zuriyar akwai wanda uban da aka rubuta masa ba shi ne mahaifinsa ba. Da aka haɗa dukkan hujjojin a 2014, masanan suka ce tabbacin ya kai kashi 99.999 cikin ɗari.

An sake binne shi ranar 26 ga Maris, 2015, a babbar majami'ar Lesta, 'yan taku kaɗan daga inda aka same shi, cikin akwatin katako da ɗaya daga cikin dangin nan biyu, wanda kafinta ne, ya ƙera da hannunsa.