Ƙaramin Jirgin Ƙasa Na Wasa Yana Fizga Ko Tsayawa: Abin Da Ya Kamata Ku Sani

Wane irin jirgi ne wannan?

Kwaikwayon jirgin ƙasa ne da ake ƙerawa ɗan ƙarami, yana tafiya da lantarki a kan siririn dogo da ake shimfiɗawa a tebur. A Jamus da Ingila da Amurka manya ma na sha'awarsa, kuma kamfanoni irin su Märklin da Hornby sun daɗe suna ƙera shi. Wanda ya fi yaɗuwa ana kiransa HO, ya gaza jirgin gaske sau 87.

Ta yaya wuta ke isa gare shi?

Galibinsu ba su da batir. A yawancinsu, dogon nan biyu su ne wayoyinsu. Wuta na fitowa daga na'urar sarrafa gudu, ta bi dogo ɗaya ta hau ƙafafun ƙarfe na kan jirgin, wato mai jan taragu. Wasu siraran ƙarafa da ke gogar ƙafafun su miƙa ta ga ɗan injin da ke ciki, sannan ta koma ta ɗaya dogon. Wurin da ƙafa ke taɓa dogo bai fi kan allura ba, don haka ɗan datti kaɗan ya isa ya yanke wutar.

Laifin dogo ne ko na kan jirgi?

Kada ku yi gaggawar kwance injin. Ku tsaya ku lura tukuna. Idan kullum a wuri ɗaya yake cijewa, matsalar ta dogo ce: ko datti, ko ƙarfen da ke haɗa dogo da dogo ya saki. Idan kuwa ko'ina fizga yake yi, ku koma kan jirgin. Ku dubi fitilarsa. In tana ƙyaftawa, wuta ce ba ta shiga sosai. In tana ci daram amma injin sai gurnani yake yi, to wani abu ne ya maƙale a cikin giyarsa, wato ƙananan faya-fayai masu haƙora da ke juya ƙafafu.

Me za ku yi da kanku?

Ku jiƙa farin ƙyalle da sifirit ku goge saman dogo. Za ku ga baƙaƙen layuka biyu sun fito a jikin ƙyallen. Ku goge ƙafafu har baƙin dattin da ya daskare ya fita. Ku sa ɗan hantsaki ku zaro gashi da zaren da suka nannaɗe a gindin ƙafafu. Kada ku kankare dogo da samfefa, domin zanen da za ta bari shi zai ƙara tara datti. Ku guji soson ƙarfe, saboda maganaɗisun injin zai janyo ɓurɓushinsa. Man da za ku sa wa giya kuwa, ɗigo ɗaya a bakin tsinke ya wadatar, yawansa ƙura yake kamawa.

Idan wuta na ɗaukewa gaba ɗaya fa?

Wannan na iya zama alamar cewa wuta ta haɗe, wato wani ƙarfe ya taɓa dogo biyu lokaci guda. Ku kashe na'urar, ku sauke taragu duka, ku nemi ƙusa ko ƙafar da ta goce, sannan ku riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ya bayyana. Idan kuka ji ƙauri, ku kashe nan take.

Nawa gyaran zai ci?

Mafi yawan lokaci ƙyalle da sifirit ne kawai. Kuɗi na shigowa ne idan giya ta tsage, ko ƙananan gawayin da ke gogar cikin injin sun cinye, ko waya ta tsinke sai an liƙe ta da dalma. A nan mai gyaran rediyo zai iya taimaka muku, tunda yana da mitar gwada wuta. Bayan gyara, ku riƙa rufe dogon da mayafi kuna goge shi a kai a kai, domin rigakafi ya fi magani.