ABIN DA KE HANA BABUR NA TSERE TASHI IN INJINSA YA YI ZAFI

Akwai wata cuta da ta ke damun masu manyan babura irin na tsere, wadda ta kan ci musu kuɗi fiye da kima. Da safe, da an taɓa maɓalli sai babur ya tashi kamar sabo. A yi tafiyar kilomita 30 ko 40 lafiya lau. Sa'an nan a tsaya shan mai ko cin abinci, a kashe inji kamar minti 10. Da an komo, sitata ta yi ta juyi, inji kuwa ya ce bai san zancen ba. In an bar shi rabin sa'a ya huce, sai ya tashi kamar ba shi ne ya yi gardama ɗazu ba.

Abin da ya sa wannan cuta ta ke da wuyar magani shi ne, kafin a tura babur a kai shi gareji ya riga ya huce. Makaniki ya taɓa, ya tashi, ya ce bai ga kome ba. Ko kuwa ya shiga canke, yau a sake fulogi, gobe batir, jibi famfon mai, har aljihun mai babur ya ƙare, cutar tana nan. To, Hausawa sun ce da zafi-zafi a kan bugi ƙarfe. Wannan ciwo ba ya bayyana sai inji na da zafi, saboda haka a lokacin ne za a bincike shi. Kuma tambaya guda ce ta ke gaban kowace: mai ne ya yi wa inji yawa, ko kuwa bai ishe shi ba?

INDA ZAFIN YA KE FITOWA

Mutane da yawa suna zaton da an kashe inji sai ya soma hucewa. Ba haka ba ne. Sa'ad da babur ke tafiya, iska tana bugun lagireto, famfon ruwa yana zagaya da ruwa cikin inji yana kwashe zafi. Da an murɗa makulli, ruwa ya tsaya cik, iska ta ɗauke, amma ƙarfen inji yana nan da zafinsa, bai da inda zai kai shi sai sama. Don haka cikin mintocin farko bayan tsayawa, kayan da ke bisa inji su kan fi zafi a kan yadda su ke a lokacin gudu.

Babur na tsere kuwa an ƙera shi a matse. Tanki da akwatin iska da tiyon mai duk suna zaune bisa kan inji, ga kuma rigar roba da aka lulluɓe shi da ita don ya keta iska. Wannan riga tana da amfani a kan hanya, amma a tsaye tanda ce. In aka haɗa da ranar watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi kan wuce digiri 40 a inuwa, sai abin ya taru ya yi yawa.

Shi kuma fetur ba kamar ruwa ba ne da ke tafasa a digiri 100. Gauraye ne na mai iri-iri, waɗansu su kan soma tafasa tun wajen digiri 35, waɗansu sai kusan 200. Masu saurin tashin nan su ne ke sa inji ya kama da sanyin safiya, su ne kuma ke soma zama tururi in tiyo ya yi zafi. Inji yana son iska kashi 14.7 ga fetur kashi 1 bisa nauyi, ko abin da ya yi kusa da haka. In fetur ya yi yawa ƙwarai, tartsatsin fulogi ba ya iya kunna shi. In ya yi kaɗan ƙwarai, haka nan. Ga wanda ke zaune bisa sirdi duka biyun kamarsu ɗaya, amma maganinsu ya sha bamban.

GWAJI HUƊU A BAKIN HANYA

Ba a bukatar kayan aiki masu tsada kafin a raba waɗannan biyu. Na farko, a murɗa makulli a kasa kunne. Babur mai famfon lantarki ya kan yi ɗan gurnani a cikin tanki na daƙiƙa 2 ko 3 kafin a tayar. In da safe ana jin gurnanin nan sosai, da zafi kuwa shiru, ko ya fito a raunane, to, an sami bakin zaren.

Na biyu, a buɗe murfin tanki. In aka ji ya ja iska da ƙarfi, kuma bayan haka babur ya tashi, lalle ƴar hanyar da tanki ke shaƙar iska ta toshe. Mai yana fita, iska ba ta shiga ta maye gurbinsa, har ya kasa sauka, kamar yadda ruwa ba ya zuba daga buta in an toshe bakinta na sama. Ƙura ko lanƙwasar tiyo su kan jawo wannan, kuma gyaransa ba ya cin ko kwabo.

Na uku, a buɗe totur har ƙarshe, a riƙe, a danna sitata. In inji ya yi tari ya kama, salansa ta fitar da baƙin hayaƙi da warin ɗanyen fetur, mai ne ya yi yawa, ƙarin iskar nan ce ta cece shi. A kula fa, da ya kama a saki totur. Kada kuma a juya sitata fiye da daƙiƙa 5 a jere, a bar ta ta huta daƙiƙa 10 ko 15, don kada a ƙone ta a ƙara wa kai wata wahala.

Na huɗu, in da hali, a kwance fulogi guda nan take a duba. In ya fito a jiƙe yana wari, mai na zuwa, har ma ya yi yawa, ko kuwa babu wutar da za ta ƙone shi. In ya fito a bushe ƙarau bayan an sha juya inji, mai ba ya isowa. Gani ya kori ji.

MASU KAFIRETO

Tsofaffin babura na tsere, irin su Suzuki GSX-R750 da ya fito a 1985, da Yamaha YZF-R1 na farko na 1998, da kafireto aka yi su, kowace silinda da nata. A ƙarƙashin kowane kafireto akwai ɗan kwano da ke riƙe da mai, da abin da ke yawo bisa man, watau fulot, wanda ke tura wata ƴar allura ta rufe hanya in kwano ya cika.

In zafin inji ya hau, man da ke cikin kwanon ya kan kumbura, ya yi tururi, ya tsiyaya zuwa cikin maƙogwaron inji. Akwatin iska ya cika da tururin fetur. In allurar ta ci, ko datti ya maƙale a bakinta, sai mai ya yi ta kwarara ba tsayawa. Wannan shi ne mafi yawan dalilin ƙin tashi da zafi a irin waɗannan babura. Wanda bai sani ba ya kan ja cok, alhali kuwa cok ƙara mai ya ke yi, watau ana ba mai shaƙewa ƙarin tuwo. Inji mai zafi ba ya son cok ko kaɗan.

A duba kuma makullin mai da ke gindin tanki. Waɗansu suna aiki da zuƙar inji, suna da wata ƴar fatar roba a ciki. In fatar ta huje, sai fetur ya bi siririn tiyon zuƙa ya zarce cikin silinda. A zare tiyon a duba, in an same shi a jiƙe, an kama ɓarawo.

Akasin wannan shi ne tururi ya tare hanya. In tiyon mai ya bi kusa da kan inji, fetur ya tafasa a ciki, famfo ya yi ta tura tururi maimakon mai. Magani shi ne a mai da tiyo hanyar da masu ƙira suka shata masa, a kuma tabbata takardar nan mai ƙyalli da ke manne ƙarƙashin tanki tana nan. Makanikai su kan yage ta su yar, suna zaton ado ce, ashe garkuwar zafi ce.

MASU FESHIN MAI

Kamfanin Kawasaki ya fitar da babur mai feshin mai tun 1980, amma sai wajen ƙarshen ƙarnin da ya wuce wannan dabara ta game babura na tsere. GSX-R750 ya koma feshi a 1998, Honda CBR600F4i ya zo a 2001, YZF-R1 ya bi a 2002. A nan babu kwano, babu fulot. Famfo a cikin tanki yana matsa mai da ƙarfin da ya kai misalin ba 3 zuwa 3 da rabi, watau ninki uku ko fiye na nauyin iskar duniya, sa'an nan wani akwatin lantarki da makanikai ke kira ƙwaƙwalwa ya ƙayyade yawan da kowane nozul zai fesa.

Matsin nan yana hana fetur tafasa, shi ya sa waɗannan babura ba su cika fama da tururi ba muddin matsi na nan. Amma in ya zurare bayan an kashe inji, sai man da ke cikin bututu ya tafasa. Hanyar ganewa ita ce a ɗaura geji a kan tiyon mai, a tayar da inji har fanka ta kama, a kashe, a zuba wa allurar geji ido. In ta faɗi da sauri, ko dai mai yana komawa tanki ta cikin famfo, ko kuwa wani nozul yana ɗiga cikin silinda. Na farkon ya kan bar fulogi a bushe, kuma sau da yawa in an murɗa makulli sau biyu ko uku kafin a danna sitata, sai babur ya tashi. Na biyun ya kan jiƙa fulogi guda, sauran suna bushe.

Famfo da ya tsufa ya kan yi aiki da sanyi, ya gaza da zafi. Fetur ɗin da ya ke ciki shi ne ke sanyaya shi, don haka mai yawo kullum da ɗan mai a gindin tanki yana rage wa famfonsa kwana. Matatar famfo kuma in ta cika da tsatsa da yashi, irin wanda a kan samu a man galan na bakin hanya, sai ta ƙara masa nauyi. Araha ba ta ado.

Akwai kuma wani ɗan ƙaramin abu da a kan manta da shi, watau ma'aunin zafin ruwa, wanda ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko inji na da sanyi ko zafi. Yadda ya ke aiki shi ne, gwargwadon zafinsa, gwargwadon raguwar tsayayyarsa ga lantarki. Irin da aka fi sawa ya kan nuna om 2,000 zuwa 3,000 a digiri 20, ya sauko wajen om 300 a digiri 80. To, in ya lalace, ko tsatsa ta kama bakin wayarsa, tsayayya ta ƙaru, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka har yanzu asuba ce, ta yi ta zuba mai kamar an ja cok. Da safe ƙaryar ba ta ɓata kome, domin inji na son man. Da rana kuwa ita ce ke shaƙe shi. Mitar lantarki ta ƴan kuɗi kaɗan ta isa ta tona asirinsa, in an gwada abin da ta nuna da abin da littafin babur ya faɗa.

Babura da aka yi don kasuwar Kalifoniya ta Amurka, da sababbi na Turai, suna da wani gwangwani mai gawayi da ke tara tururin tanki. Mai cika tanki har baki, sa'an nan ya ajiye babur a rana, ya kan sa ɗanyen mai ya gangara cikin gwangwanin, daga nan inji ya shaƙe shi. In ƙin tashin ya fi aukuwa bayan an sha mai, a tuna da wannan.

IN BA MAI BA NE FA?

Ba kullum ne laifi ke wajen fetur ba. Kwayil, da ƴar na'urar da ke gaya wa ƙwaƙwalwa juyin inji, dukansu naɗin siririyar waya ne, kuma wayar da ta tsage ta kan rabu in ta yi zafi, ta haɗu in ta huce. In kwayil ne, fulogi zai jiƙe, amma don rashin wuta. Batir lafiyayye ya kan nuna bolt 12.6 a zaune, kada ya faɗi ƙasa da 10 sa'ad da sitata ke juyi, in inji na gudu kuma ya nuna tsakanin 13.5 da 14.5. In sitata tana jan jiki da zafi, a soma da nan. Bawul da ya matse shi ma ya kan sa tashi ya yi wuya, don haka kada a tsallake lokacin auna shi da masu ƙira suka ajiye.

Kada mai babur ya ce tun da ya kan tashi in ya huce, a bar shi haka. Man da ke ɗiga cikin silinda ya kan wanke fistan, ya gangara ya gauraya da baƙin mai. In an ga baƙin mai yana ƙaruwa a madubinsa maimakon raguwa, yana kuma warin fetur, a sake shi nan da nan bayan gyara, in ba haka ba inji duka zai tafi. Fetur da ke zuba bisa ƙarfe mai zafi kuwa, sunansa gobara. Kada a kwance tiyo mai matsi sai an nannaɗe shi da tsumma, kada a gwada tartsatsi kusa da ramin fulogi a buɗe, kada kuma a yi wannan aiki kusa da mai shan taba.

Shawararmu ga masu babura ita ce, ranar da abin ya auku a lura da abin da aka ji da abin da aka gani: gurnanin famfo, shaƙar murfin tanki, launin hayaƙi, da halin fulogi. In za a je gareji, a je da babur da zafinsa, a kashe shi gaban makaniki, a jira minti 10 tare, ya ga cutar da idonsa. Makanikin da ya tambayi waɗannan abubuwa kafin ya ɗauki sufana, shi ne wanda ya kamata a ba aiki.