Ciwon kan da ba ya jin magani: in ma'aikaci ya zama baƙo a ofishinsa

Mai karatu, akwai wani bawan Allah da ya daɗe yana zuwa kantin maganin da nake aiki a nan Abuja. Kusan kullum in ya taso daga ofis sai ya biyo ya sayi farasitamol, wani lokaci ya haɗa da ibuprofen. Da na ga abin ya yi yawa sai na ce ya zauna in auna jininsa. Ya ɗan hau, amma ba can ba. Na tambaye shi barci, ya ce sai a hankali. Na tambaye shi aiki, sai ya yi shiru, can ya ce: “Malama, shekarata uku a ofishin nan. Da mahaifiyata ta rasu kwana bakwai na yi a gida, na dawo babu wanda ya ce min ya haƙuri. Fayil kawai aka miƙo min.”

Duk ƙwayoyin da ke cikin kantin nan babu ta wannan ciwo.

Hausawa na cewa mutum rahama ne, masana ma sun auna sun gani. A 1995 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Roy Baumeister da Mark Leary, suka nuna cewa son mutum ya ji ana yi da shi buƙata ce ta asali, kusa da ci da sha. A 2003 Naomi Eisenberger da abokan aikinta suka sa mutane wasan jifan ƙwallo a kwamfuta ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu, sai aka daina jefa musu ƙwallon da gangan. Wani sashen ƙwaƙwalwa da ke motsawa in jiki ya ji zafi, shi ya motsa. A 2025 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum 1 cikin 6 a duniya na fama da kaɗaici, ta kuma danganta shi da mutuwar mutum sama da 871,000 a shekara. Damuwar da ta daɗe tana hana barci, tana taɓa hawan jini, tana ɗaure wuya da kafaɗa. Ciwon kan mutumina ba ƙarya ba ne.

Me ya sa abin ya fi cizo a Abuja? Tun da aka dawo da fadar gwamnati daga Legas ranar 12 ga Disamba, 1991, in ka cire 'yan ƙasa irin su Gbagyi, kusan kowa aiki ne ya kawo shi. A Kano ko Katsina, ko ofis bai yi maka daɗi ba, akwai majalisar ƙofar gida, akwai 'yan'uwa, akwai maƙwabcin da ya san kakanka. A nan fa? Ma'aikacin da ke Mararaba, Masaka, Kubwa ko Suleja daga sallar asuba yake kama hanya, ya sha cunkoso, ya dawo bayan isha'i. Wani ma iyalinsa na can gida, sai ƙarshen wata. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, zumuncin da aka ce a ƙafa yake ya koma a aljihu. To ka ga mutanen ofis su ne unguwarsa, su ne danginsa na yini. In su ma ba su san da zamansa ba, ina zai sa kansa?

Masu ofis su ma su saurara, don ba ma'aikacin kaɗai ke asara ba. Kamfanin Gallup mai binciken ra'ayi ya ce a 2024 kashi 21 cikin 100 ne kawai na ma'aikatan duniya ke aiki da zuciya ɗaya. Cikin tambayoyi 12 da yake aunawa da su har da wannan: kana da amini a wurin aiki? Wanda ba a gaishe shi, ba a neman shawararsa, ba a tuna shi sai ya yi kuskure, zai sa hannu a rajista amma zuciyarsa na waje. A kantin magani wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yaron da yake jin shi bare ne ba zai buɗe baki ya ce “oga, kamar akwai kuskure a takardar nan” ba.

Abin da ke tsorata ni shi ne hanyar da mutane ke bi su danne abin. Shan maganin ciwon kai kwana 15 ko fiye a wata yana iya zama shi kansa sanadin ciwon kan. Ibuprofen da diclofenac a kai a kai suna iya jawo gyambon ciki, su taɓa ƙoda, su ƙara hawan jini. Masu neman diazepam ko tramadol ba takardar likita kuwa, ba na bayarwa, don sabo suke sawa. In ƙuncin rai ya wuce mako biyu, ba ka jin daɗin komai, abinci da barci sun rikice, je ka ga likita. Akwai Asibitin Ƙasa, akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada.

In kai ne shugaba, ka san sunan masinja da mai shara, ka je ta'aziyya da ƙafarka. In ke ce sabuwa a ofis, kada ki jira a zo gare ki: shiga adashi, ci abincin rana cikin mutane ko sau ɗaya a mako. Uwargida, in maigida ya dawo fuska a murtuke, kafin ki ɗauka da ke yake, tambaye shi da wa ya yi hira yau. Maigida, kai ma haka in ita ce mai fita aiki.

Mutumina na tura shi asibiti saboda jinin, na kuma ce ya ajiye ibuprofen. Bayan wata biyu ya leƙo, ya ce ya shiga adashin ofis, kuma da aka yi wa wani direbansu haihuwa shi ya zagaya da takarda ya tara gudummawa. Ogansa dai har yau bai yi masa ta'aziyya ba. Ranar man goge baki kawai ya saya.