Injin niƙan cikin jiki: ba kowane ciwon baya ne na ɗaukar kaya ba

'Yan uwa masu aiki a Madinar Masana'antu ta Jidda sun san yadda masana'anta ke cushewa idan aka daina kwashe shara. Haka ƙwayoyin halittar jikinmu suke. Kowace tana da ɗan injin niƙa, furotiyasom, wanda ke daddatsa furotin ɗin da ya lalace ko ya gama aiki. Kafin a niƙa, sai an liƙa wa furotin ɗin alama mai suna yubikwitin. Gano wannan tsari ne ya ba Aaron Ciechanover da Avram Hershko da Irwin Rose kyautar Nobel a 2004.

Idan kwashe shara ya yi rauni a ƙwaƙwalwa, tarkacen furotin kan dunƙule cikin ƙwayoyin jijiya, kamar yadda ake gani a cutar karkarwa ta Parkinson. A 1998 masu bincike a Japan suka gano cewa lalacewar parkin, ɗaya daga cikin masu liƙa alamar, tana jawo wani nau'in cutar na gado da ke kama matasa.

A ciwon dajin ɓargo, wato mayeloma, likita ne ke tsayar da injin da gangan. Ƙwayoyin wannan cuta suna ƙera furotin ba ƙaƙƙautawa, don haka in aka toshe injinsu, shararsu ce ke kashe su. Aikin maganin bortezomib ke nan, wanda Amurka ta amince da shi a 2003. Yakan jawo dindiris a tafin hannu da ƙafa. Mai shan allurar ya gaya wa likita da zarar ya ji.

Abin ya shafe mu kai tsaye. A Amurka, mayeloma na kama baƙaƙen fata kusan ninki biyu na farare, galibi masu manyan shekaru. Alamominta kuwa suna kama da gajiyar aiki: ciwon baya ko haƙarƙari da ya ƙi tafiya, kasala, ƙarancin jini, yawan rashin lafiya. Mai dako sai ya yi ta haɗiyar ibuprofen ko diclofenac, alhali cutar tana taɓa ƙoda, waɗannan ƙwayoyin kuma suna ƙara mata rauni.

Idan ciwon baya ya wuce mako 6, ko yana hana barci, ko ana ramewa, a je asibiti a nemi gwajin jini da na ƙoda. Wanda ya rasa ɗan rakiya ko tafinta ya sanar da shugabannin ƙungiya. Allah ya ƙara mana lafiya.